Jariri mai tsagaggen leɓe: abin da za mu duba bayan tsagar



Idan aka kawo jariri mai tsagaggen leɓe gidan likita, abin da ake fara rubutawa a kati shi ne sunan lalurar: tsaga a leɓe, ko a ganda, ko duka biyu. Rubutun gaskiya ne, amma bai gaya mana ko yaron ya kwana da yunwa ba.

A shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta amince da wani tsari na auna lafiya da naƙasa, wanda ake kira CIF a takardunmu na aiki, kuma a 2007 aka fitar da na yara. Tsarin ya ce kada a tsaya ga sunan cuta. A dubi jiki, a dubi abin da yaro yake iya yi, da yadda yake shiga cikin jama'a, sannan a dubi abin da ke kewaye da shi, mai taimako ne ko mai hanawa.

Ga jariri, babban aikinsa shi ne shan nono. Mai tsaga a ganda ba ya iya jan nono da ƙarfi, domin iska tana kuɓucewa ta hanci. Yakan daɗe yana tsotso har ya gaji, barci ya ɗauke shi, uwa ta zaci ya ƙoshi. Ta wannan ƙofar tamowa take shiga. Saboda haka ku tambayi uwa: minti nawa yake yi a nono? Yana fitowa ta hanci? Sau nawa yake fitsari? Ku tuna igiyar awon hannu sai daga wata 6. Kafin nan, ma'aunin nauyi ne ke faɗin gaskiya. Uwa, ki zaunar da shi kusan a miƙe, ki tatso nononki cikin kofi mai tsabta ki ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, ki riƙa sa shi gyatsa. Kada shayarwa ɗaya ta wuce minti 30.

Sai abin da ke kewaye da shi, wanda mu ma'aikata muka fi mantawa. Akwai gidan da aka ce iskoki ne, ko laifin uwa ne, sai ta lulluɓe ɗanta ta daina zuwa awo da rigakafi. Ba laifin kowa ba ne. Tsagar tana samuwa tun watanni ukun farko na ciki, kuma a duniya kusan haihuwa 1 cikin 700 ce. Ba ciwon noma ba ne, wanda ke cin naman fuska bayan yaro ya tasa. Nisan hanya, kuɗin mota, izinin maigida, kakar da ke taimaka wa uwa da tatsa: duk ku rubuta, daidai da nauyi.

Ana gyara leɓe daga wata 3 zuwa sama, ganda kuwa wajen shekara ɗaya, kuma asibitin CURE na Yamai yana wannan aiki. Amma likita ba ya taɓa yaron da ya rame, sai nauyinsa ya kai. Bayan ɗinki ma kada a rufe kati, domin irin waɗannan yara kunne yakan tara musu ruwa, magana kuma takan fito ta hanci. A ci gaba da tambaya ko yana waiwayowa idan an kira shi, ko baƙo yana gane maganarsa, ko yana fita wasa da tsaransa, har ranar da za a rubuta sunansa a makaranta.