Wa'azi Bisa Ga Neman Magani Ta Wayar Hannu, Da Haƙƙin Majiyyaci A Cikinsa

Da sunan Allah muke farawa. Godiya ta tabbata gare Shi, Mai jarraba bayinSa da cuta, Mai yaye ta sa'ad da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku malamai, iyayena da yayyena, da ku almajirai da kuka hallara a wannan zaure na Kurfi, ku sani neman magani ba ya rushe tawakkali, gama riƙon sababi yana cikin shari'a. To, a zamaninmu wani sababi ya bayyana, shi ne wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya a shekara ta 2001. Wajibi ne mu san amfaninta ga marar lafiya, mu san kuma iyakarta.

Amma amfaninta, ga shaida uku. Ta farko, a 2010 hukumar NAFDAC ta fito da dabarar gane jabun magani: a kankare wani wuri a jikin kwalin, lamba ta fito, a aika da ita ta saƙon waya zuwa inda aka rubuta, amsa ta komo ko na gaskiya ne ko na algus. Ta biyu, a yaƙin shan inna an riƙa ba masu ɗiga rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka, har aka gane ƙauyuka da rugage da ake tsallakewa; ƙungiyar eHealth Africa ta Kano tana cikin masu wannan aiki. Ran 25 ga Agusta 2020 aka yi shelar Afirka ta kuɓuta daga shan inna irin ta asali, ko da yake rigakafi bai ƙare ba. Ta uku, hukumar NCDC mai tsaron annoba tana da lamba 6232 da ake kira ba biya.

Sai dai fa, ya 'yan'uwa, amfanin nan bai iske talaka yadda ya kamata ba tukuna. Na taɓa kai wani almajirina wani asibiti da zazzaɓi, aka ɗebi jini, aka ba mu kati. Ruwan damina ya jiƙe katin. Da ciwon ya komo muka tafi wani asibitin, ba wanda ya san abin da aka gani jiya, sai muka sake biya, aka sake gwaji, yaro yana kwance yana rawar ɗari. Da a ce labarinsa yana ajiye cikin na'ura, likitan gaba ya buɗe da izninmu, da an huta da rabin wahala. Saboda haka muna kira ga masu iko da wannan al'amari da sharuɗɗa huɗu.

Sharaɗi na farko, harshe. Saƙon da ya zo da Turanci ga tsohuwar da ba ta san boko ba, shi da babu duk ɗaya. A yi shi da Hausa, da murya, a ambaci sunan mutum da ciwonsa da ranar komawarsa. A rubuta shi kuma da ajami, gama wayoyin nan suna ɗaukar haruffan Larabci, mu kuwa da su muke karatu tun kakanni.

Na biyu, sirri. Ciwon mutum al'aurarsa ne, wanda ya gani ya ɗauki amana. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana bayyana sirrin majiyyaci ba da yardarsa ba, sai inda doka ta keɓe, dokar tsare bayanan mutane ta 2023 kuma ta ƙarfafa wannan. Kai ma almajiri, kadan aka ba ka waya ka karanta wa wani saƙon asibiti, haramun ne ka kai shi majalisa.

Na uku, mata. A gidaje da yawa waya tana aljihun maigida, shi kuwa yana gona ko kasuwar Dutsin-Ma. Ya maigida, ka bar wa iyalinka hanyar kiran malamar asibiti ko ungozoma, ka ba ta izni tun kafin buƙata, gama naƙuda ba ta jiran komowarka.

Na huɗu, kada a yar da takarda da ƙafa. Kun tuna watan Satumba 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, sa'ad da aka yanke sabis a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, har da Kurfi da Dutsin-Ma, aka yi watanni waya ta zama dutse a hannu. Wanda ya dogara gare ta kaɗai, ran nan ya wayi gari ba kome. A bar kati a hannun majiyyaci, a bar ma'aikaci mai shiga ƙauye.

Sa'an nan ina gargaɗinku da masu tallan magani a WhatsApp da TikTok, waɗanda ba su ga marar lafiya ba, ba su san awon da jikinsa zai ɗauka ba. Waya ba ta taɓa goshi, ba ta ɗiban jini. Yaron da ya shiga jijjiga ko ya ƙi nono, da mai ciki da ta ga jini ko ganinta ya dushe, ba a zauna ana buga waya ba. A yi addu'a ana tafiya, a nufi babban asibitin Kurfi ko na Dutsin-Ma, in sun tura ku Katsina ku tafi.

Abin da ke kanmu, mu malaman allo, shi ne kowa ya buɗe littafi, ya rubuta sunan kowane almajiri, da garinsu, da lambar mahaifinsa, da ciwon da ya saba yi, da maganin da jikinsa ba ya karɓa, ya nemi lambar ma'aikacin asibiti mafi kusa ya rubuta a bangon farko. Yaran nan amana ne, za a kuwa tambaye mu.

Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, shi zaunar da ƙasarmu lafiya, shi sa mu cika da imani. Wassalamu alaikum.