Lesin Yamma: Me Ya Sa Muka Manta Da Darasin Zamantakewa?

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ilimi ya gabatar a taron iyaye na ƙungiya, a Jimeta)

 



Da farko dai ina neman afuwa. Ni ba ɗan boko ba ne. Karatuna na allo ne da Islamiyya, ɗan abin da na sani na boko kuwa a bakin shago na tsince shi, da rediyo, da littattafan 'ya'yana. Da sakatare ya ce ni zan yi magana a kan lesin yara, na ce masa ga malamai nan birjik, me ya kai mai sayar da atamfa? Sai ya ce, "Alhaji, ai ku kuke biyan kuɗin." To, da wannan ya ɗaure ni.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, da muka zauna a kwamiti muka tambayi junanmu, kowa a cikinmu yana biya wa ɗansa lesin Lissafi, ko Turanci, ko Kimiyya. Amma ba a sami ko mutum ɗaya da ya taɓa ɗaukar malami don darasin zamantakewa ba, watau abin da yaran ke kira Soshiyal Sitadis, da 'yan'uwansa na manyan azuzuwa, irin su Gwamnati, da Tarihi, da Labarin Ƙasa. Wani ma cewa ya yi, "Wannan ai hira ce, ko ba a koya wa yaro ba zai ci." Ni ma da haka na ɗauka, sai da abu biyu suka same ni.

Na farko, wani ɗan ƙanena da ke zama mini a shago. Yaro ne mai kai, ya gama sakandare, lissafin kuɗi ba ka ja da shi. Na aike shi Garwa da kaya. A bakin iyaka aka nemi takardu, sai ya tsaya gardama, wai shi ɗan ECOWAS ne, yana da 'yancin shiga duk inda ya ga dama. Jama'a, Kamaru ba ta cikin ECOWAS, ba ta kuwa taɓa shiga ba tun da aka kafa ƙungiyar a Legas a 1975. Ita tana cikin ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka ne. Kai, ko Nijar da Mali da Burkina Faso da suke ciki sun fice a watan Janairu na 2025. Yaron nan sai da ya kwana a can, kayana suka yi kwanaki. Da ya dawo ban yi masa faɗa ba, don na ga laifin nawa ne. Na biya an koya masa yadda zai juya naira zuwa sefa, ban biya an koya masa wace ƙasa ce maƙwabciyarsa ba.

Na biyun ya fi ci mini rai. 'Yata ce ta zo da fom na neman shiga makaranta, ta kai wurin da aka ce ta rubuta ƙaramar hukumarta ta asali, sai ta ɗago kai ta ce, "Baba, mu 'yan ina ne?" A Jimeta aka haife ta. A Jimeta aka haife ni. Mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, ya zo daga ƙasar Kano da fataucin goro, lokacin da jiragen ruwa na kamfanonin Turawa ke hawowa Binuwai da damina. Garin kakanta sau ɗaya ta taɓa zuwa, da biki. Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ga ni kaina ban san abin da doka ta ce ba. Ina jin babu wanda ke zaune a nan da wannan tambaya ba ta shiga gidansa ba.

Daga baya na sa wani malami ya karanta mini, ya fassara. Tsarin mulkin 1999, sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya damar ya zauna a duk inda yake so cikin ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila, ko addini, ko wurin da ya fito. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili da gida a ko'ina. Amma kuma shi wannan tsarin mulki ya zo da maganar raba muƙamai tsakanin jihohi, wadda ta sa ake neman takardar shaidar ɗan asali wajen ɗaukar aikin gwamnati da wasu guraben karatu, ita kuwa takardar ƙaramar hukuma ce ke bayarwa. Kun ga ke nan akwai abin da yake haƙƙinka ne ba mai hana ka, akwai kuma abin da sai an bi ta hanyar zama da fahimtar juna. Yaron da bai san bambancin biyun nan ba, ko dai ya zama matsoraci ya bar haƙƙinsa, ko ya zama mai tsaurin ido ya ja mana rigima a inda ba ta kamata ba. Duk wannan kuwa yana cikin darasin nan da muke cewa hira ce.

Wani zai ce, to ba a koyarwa a makaranta ne? Ana koyarwa. Amma ku duba irin juyin wainar da aka yi wa darasin. Tun da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, Soshiyal Sitadis ya zama darasin ƙananan azuzuwan sakandare. Can wajen 2009 aka cire Tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, aka ce ai yana cikin Soshiyal ɗin. A 2014 aka haɗe shi da ilimin zama ɗan ƙasa, da na tsaro, da na addini, a ƙarƙashin suna ɗaya, har aka yi ta ƙorafi sannan aka sake ware addinin. A 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin dawo da Tarihi, a 2025 kuma aka sake fito da sabuwar manhaja. Yaran da suka yi karatu a tsakanin nan, da yawansu yanzu su ne malaman. Ban faɗi haka don in aibata kowa ba. Amma wanda ba a ba shi ba, me zai bayar? Ga kuma cunkoso: aji cike maƙil, minti 40, kafin malami ya gama rubutu a allo an buga ƙararrawa.

Akwai kuma maganar jarrabawa, don na san wasunmu sai an taɓo nan suke saurare. Yaro ba ya shiga jami'a sai da kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci. Sauran fa? Ɗan ajin da ba na kimiyya ba daga waɗannan darussa zai samo su. Mai son karatun lauya, ko siyasa, ko aikin jarida, galibi sai ya rubuta Gwamnati ko Tarihi a JAMB. Kullum muna kukan ba mu da lauyoyi, ba mu da manya a sakatariya, in an kama mana kaya sai mun je roƙo. To, ta ina za su fito? Ga Jami'ar Modibbo Adama can ƙetaren gada, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya nan cikin gari, ba sai an yi kuɗin mota mai yawa ba.

Yanzu bari in faɗi irin lesin da nake nufi, don ba kowane lesin ne lesin ba. Na taɓa ɗaukar wani malami, ba zan faɗi makarantarsa ba, ashe abin da ya kamata ya koyar a aji shi yake ɓoyewa, sai wanda ya biya da yamma. Wannan ba lesin ba ne, cin amana ne, mu 'yan kasuwa mun san sunan wanda ke ɓoye kaya don ya yi tsada. Akwai kuma masu tara yara su yi ta haddar amsoshin tsofaffin jarrabawa kamar aku. Mafi muni su ne wuraren nan da ake biyan kuɗi a rubuta wa yaro amsa a allo ran jarrabawa. Wanda ya kai ɗansa can, ya saya masa takarda, ya kuma koya masa cewa sata hanya ce. Kada ya yi mamaki ran da ya bar shi a shago.

Abin da nake so malamin lesin ya yi shi ne ya bi manhaja, i, amma ya fara daga ƙofar gida. Ku tambayi yaranku yau da dare, wa ya kafa Yola? Da yawa za su ce Modibbo Adama, don sun ga sunan a jikin jami'a. To yaushe? A 1841, bayan ya zauna a Gurin, da Ribadu, da Njoboliyo. Sun san tutar jihadi daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya karɓo? Sun san ƙasar sunanta Fombina, watau kudu da Fillanci? Sun san a 1851 wani Bajamushe matafiyi, Barth, ya zo Yola, Lamido Lauwal ya sallame shi bayan 'yan kwanaki? Sun san a 1901 Ingilishi suka ci Yola da yaƙi, Lamido Zubairu ya ƙi miƙa wuya ya fita? Garwa da Ngaundere da muke zuwa da fasfo yau, a da duk nan suke kawo gaisuwa, Turawa ne suka tsaga ƙasar, kaso mafi girma ya faɗa hannun Jamus. Mubi da Ganye ma ba su tabbata cikin Nijeriya ba sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a watan Fabrairu na 1961. Ni da kaina an haife ni a Jihar Arewa maso Gabas, na yi wayo a Gongola da aka kafa a 1976, na fara kasuwanci a Adamawa da aka cire a 1991, ban kuwa taɓa tashi daga unguwarmu ba.

Sannan kogin nan. Duk shekara in damina ta yi nisa sai hankalin mutanen bakin ruwa ya tashi. A 2012 da 2022 mun ga abin da ruwa ya yi. Yaro ya kamata ya san cewa akwai madatsar Lagdo a Kamaru, sama da Garwa, wadda aka gama a 1982, in ta cika aka saki ruwa nan yake biyowa. Ya san an daɗe ana maganar gina wata a Dasin Hausa, cikin ƙaramar hukumar Fufore, don ta tare ruwan. Ya san a Numan Gongola ke haɗuwa da Binuwai. Wanda ya san wannan ba zai sayi fili a kwari don ya ga araha ba.

Amma abin da ya fi damuna shi ne maƙwabta. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 21, ƙabilunta kuwa sai wanda ya ƙirga. Yaranmu fa duk wanda ba Bahaushe ko Bafillace ba suna ɗaya suke kiransa da shi, kun san sunan, ba kuwa mai daɗi ba ne. Ba su san Bachama daban, Bata daban ba. Ba su san Verre, da Chamba, da Kilba, da Margi, da Higi, da Lunguda, da Mbula ba, alhali kuwa su ne ke shigowa shagunanmu kullum, suna yi mana magana da harshenmu, mu ko gaisuwarsu ba mu iya ba. Ba su san Hama Bachama na Numan, Hama Bata na Demsa, Gangwari na Ganye ba. Ba su san Sukur da ke Madagali, da duniya ta sa cikin wuraren tarihi a 1999 ba. A watan Disamba na 2024 ma an ƙara sababbin masarautu 7 a jihar, wanda ke nuna littafin da wan yaro ya yi amfani da shi ya riga ya tsufa. Lokacin da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a 2014, mutane suka kwararo Yola da Jimeta, gidaje da yawa a nan sun sauki baƙi ba su tambayi ƙabila ba. Iyayen sun san zaman tare. 'Ya'yan ne nake tsoron za su tashi ba su sani ba, don su a waya suke jin labarin maƙwabcinsu.

Saura maganar lokaci, ga malaman Islamiyya nan suna kallona. Allah ya gafarta malam, ba za mu taɓa lokacinku ba. Ni ɗan Islamiyya ne, ba zan yanke reshen da nake zaune a kai ba. Alhamis da Juma'a da yamma ba a karatu a yawancin makarantunmu, a nan za mu saka lesin, bayan La'asar, a tashi kafin Magariba. Da bazara, in zafin Maris da Afrilu ya tsananta, a rage. 'Yan mata a yi musu ajinsu daban, a wuri sananne, ba ɗakin wani ba, in da hali a sami malama.

Shawarar kwamiti ita ce, maimakon kowa ya ɗauki malami shi kaɗai, wanda sai mai hali, a haɗa yara 15 zuwa 20 a aji ɗaya, unguwa unguwa: Luggere da Yelwa wuri ɗaya, Limawa da Alkalawa da Ajiya wuri ɗaya, Nassarawo da Doubeli, sannan Jambutu. 'Yan cikin garin Yola su ma a ba su nasu. Malami kada ya zama wanda ke koyar da yaran nan da safe, don a toshe waccan ƙofar da na faɗa. Akwai tsofaffin malamai da suka yi ritaya suna zaune, akwai ɗalibai masu neman abin sabulu. Ni da zan samu ma, a cikin malaman a sa wanda ba Bahaushe ba, ya ba yaranmu labarin mutanensa da bakinsa. Na san wasu ba za su so wannan ba, sai mu tattauna. Marayu kuwa ƙungiya ta ɗauki nauyinsu, ni na ɗauki kuɗin allo da alli da taswira na ajin unguwarmu.

Sakatare na nan bakin ƙofa da littafi. Wanda ke da yaro daga aji 1 zuwa aji 6 na sakandare ya rubuta sunansa, da ajinsa, da unguwarsa kafin ya fita. Iyaye mata, an ajiye muku naku littafin a wajenku. Wanda kuma ya san malamin da ya yarda da amanarsa, ya same ni a shago kafin taro mai zuwa.