A Gama Shari'a Kafin a Rantsar: Lacca kan Gyaran Zaɓen Shugaban Ƙasa



Bari in fara da Kano. A zaɓen 1979, doka ta ce sai ɗan takara ya samu rubu'in ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi 19 kafin ya zama shugaban ƙasa. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano ya yi rinjaye, bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Abokin takararsa Awolowo ya garzaya kotu, lauyoyi suka yi ta lissafin sha biyu da biyu bisa uku. Har gobe ana gardama kan wannan hukunci. Abin da nake so ku riƙe shi ne ranarsa: Kotun Ƙoli ta yanke shi ranar 26 ga Satumba, aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba. An raba gardama tukuna, sannan aka miƙa ragama.

To, ku dubi 2023. An kaɗa ƙuri'a ranar 25 ga Fabrairu, aka rantsar da Shugaba Tinubu ranar 29 ga Mayu, Kotun Ƙoli ba ta ce uffan ba sai 26 ga Oktoba. Kusan wata biyar ke nan wanda ake ƙara yana kan karaga, ya naɗa ministoci da hafsoshin tsaro. Ba na zargin wani alƙali. Amma wane irin ƙarfin zuciya muke nema daga ɗan'adam, ya tsige gwamnatin da ta riga ta kafu? In ma ya yi gaskiya tsantsa, wanda ya faɗi zaɓe zai yarda?

Ba wai ba mu san maganin ba ne. Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya amsa da bakinsa cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da naƙasu, kuma wannan dattaku ne da ba kasafai ake gani ba. Ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda ya miƙa rahoto a Disamban 2008. Rahoton ya ce a kammala shari'ar zaɓe kafin rantsuwa, a kafa hukumar hukunta masu maguɗi, kuma Majalisar Harkokin Shari'a ta Ƙasa ta riƙa tantance wanda zai shugabanci hukumar zaɓe ta INEC. Gwamnati ta ƙi karɓar shawara ta ƙarshe. Har yau ɗan wasa ne ke zaɓen alƙalin wasa.

Abin da muka rungumi shi ne na'ura: mai karanta kati a 2015, sannan na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS tun 2021. Sun rage aringizon ƙuri'u, ban musa ba. Sai dai na'ura ba ta fi hannun da ke riƙe da ita ba, kuma mun ga yadda sakamakon shugaban ƙasa ya kasa hawa shafin INEC a kan lokaci a 2023.

Masu cewa lokaci ba zai isa ba, su leƙa Kenya. Tsarin mulkinsu na 2010 ya ba Kotun Ƙoli kwana 14 kacal, kuma a 2017 ta soke zaɓen shugaban ƙasa aka sake. Tunda mun samu wata uku tsakanin ƙuri'a da rantsuwa a 2023, ku tambayi sanatocinku da 'yan majalisarku abin da ya hana su rubuta wannan cikin tsarin mulki.