BIRKIN A-KORI-KURA DA ALHAKIN MAI SA HANNU

(Jawabin da aka gabatar a zauren taron ɗalibai, Gusau)



Mun san wasunku sun yi mamaki da suka ga kan maganar yau a allon sanarwa. An saba jin batun siyasa, ko tattalin arziki, ko makomar ilmi a wannan zaure, sai ga shi yau an ce za a yi magana a kan birkin tsohuwar mota. Muna roƙonku ku yi haƙuri da mu na ɗan lokaci. Da yawa daga cikinmu a bayan a-kori-kura aka kawo mu gari da akwatinmu ran da muka fara makaranta, kuma har gobe ita ce motar iyayenmu ran kasuwa. Abin da ke tsakanin iyayen nan namu da kabari, bayan ikon Allah, wani ɗan abu ne wanda kaurinsa bai wuce na ɗan yatsa ba. Nan da 'yan shekaru kuwa mu ne za mu riƙa sa hannu a takardar kuɗin sayensa.

Bari mu fara da hanyar da kowa ya sani. Babbar hanyar da ta taso daga Zariya ta biyo ta Funtuwa, ta ratsa Tsafe, ta bi gindin Dutsen Kwatarkwashi, ta shigo Gusau, sa'an nan ta fita ta Bunguɗu ta nufi Talata Mafara da Sakkwato. Tun ran 1 ga Oktoba 1996, da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara Gusau ta zama babban birni, zirga-zirga ta daɗa yawa a kanta. Tirela da tanka da babur da garken shanu da yara masu talla duk kwalta ɗaya suke rabawa. Ga kuma wata sabuwar masifa: tsoron 'yan bindiga ya sa direbobi na taka mota iyakar ƙarfinta a tsakanin garuruwa, don kada yamma ta yi musu a daji. Ba mu ga laifin mai gudun tsira da rai ba. Amma fa duk wanda ya ƙara gudu ya ƙara wa birki aiki, ko ya sani ko bai sani ba.

Motocin da ke wannan aiki kuwa sun ga jiya sun ga yau. Akwai Peugeot irin waɗanda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, akwai kuma tsofaffin Toyota Hilux da ire-irensu waɗanda suka shigo gwanjo. Yawancinsu lodin da aka yi su dominsa bai wuce kimanin tan ɗaya ba, watau buhun masara 10 mai kilo 100. Wanene a cikinmu bai taɓa ganin an ɗora ninkin wannan ba, sa'an nan mutane suka hau kan buhunan, awaki a ɗaure a gefe? Tsufan mota ba laifi ba ne, domin tsohuwar mota mai samun kulawa takan binne sabuwa wadda aka yi wa sakaci. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen gyara.

To, mene ne birki yake yi? Ɗaliban kimiyya za su gaya muku cewa aikinsa shi ne mai da ƙarfin gudu ya zama zafi. Direba ya taka, man birki ya ɗauki wannan matsi ta cikin bututu ya kai shi ƙafafu huɗu, bisa ƙa'idar da Blaise Pascal, mutumin Faransa, ya bayyana tun ƙarni na 17. A ƙafar gaba akwai faifan ƙarfe mai juyawa tare da taya. Akwai wani muƙamuƙin ƙarfe, wanda kanikawa ke kira kalifa, ya rungumi faifan. A cikinsa akwai 'yan faranti biyu masu fuskar gugawa, su ne ake kira fad. Idan mai ya tura fistin, sai su cije faifan dama da hagu, mota ta rage gudu, faifai ya ɗauki zafi. Da yake nauyin mota gaba yake komawa a lokacin tsayawa, ƙafafun gaba su ke ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na aikin. Shi ya sa muka tsaya a kansu.

Ga lissafin da ya kamata kowane direba ya haddace. Idan aka ninka lodi sau 2, zafin da birki zai sha ya ninku sau 2. Idan kuwa aka ninka gudu sau 2, zafin ninkuwa yake yi sau 4, haka nan tsawon da mota za ta ci kafin ta tsaya. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin fiye da mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga saniya, ya gane abin da ya gani, ya ɗaga ƙafa daga totur ya kai ta kan birki, mota ta riga ta wuce tsawon gida guda, alhali birkin bai ma fara aiki ba tukuna.

Kwanan baya mun tsaya a wani gareji a nan cikin gari, muka tarar an kwance ƙafar wata a-kori-kura mai jigilar hatsi. Fad ɗin ya cinye ƙurmus, bayansa na ƙarfe shi ke gugar faifai, faifan kuwa ya yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Bakanike ya ce lalle a sake duka biyu, fad da faifai, dama da hagu. Mai mota ya ce, "Haba Malam, sa mini fad ɗin gefen nan kawai, mafi araha, gobe ina da lodi." Haka aka yi. Kashegari mota ta ɗauki mutane ta tafi. Muna fata ta isa lafiya. Amma wannan rabin gyara shi ne ciwon da muke magana a kai, kuma ba a garejin nan kaɗai yake ba.

Gyaran gaskiya ba shi da wani asiri, kuma bai fi ƙarfin ganewar mai takardar digiri ba. Da farko a aje mota a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin baya. A sassauta notina tun taya tana ƙasa, sa'an nan a ɗaga da jak, a sa mata matokari mai ƙarfi, domin jak shi kaɗai ba abin amincewa ba ne ga mai sa hannu ƙarƙashin mota. A cire taya, a kwance kalifa, a rataye ta da waya. Kada a bar ta tana reto a jikin tiyon mai, gama tiyon yakan ji ciwo daga ciki, ciwon da ido ba ya gani sai ran da ya fashe.

Daga nan sai awo. Sabon fad fuskarsa takan kai milimita 10 ko fiye. Idan ta sauko zuwa 3, lokacin sakewa ya yi. Shi ma faifai yana da iyaka, kuma masu ƙera shi sukan buga lambar mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa. Faifan da ya sirance bai iya haɗiye zafi, wanda ya yi kunyoyi yakan cinye sabon fad cikin 'yan makonni, wanda kaurinsa ya saɓa kuwa shi ke sa sitiyari rawa idan an taka birki. A yawancin tsofaffin motocin nan faifan a bayan cibiyar ƙafa aka ɗaure shi, sai an zare cibiyar da boris kafin a kai gare shi. Wannan wahala ita ke sa a kau da kai daga gare shi. Amma tun da an buɗe, dama ce ta wanke boris a sa masa sabon giris. A kankare tsatsar mazaunin faifai, a goge maiƙon da aka shafa wa sabo don tsare shi daga tsatsa, a mai da fistin ciki a hankali, a duba robobinsa ko sun yage. Giris ko ɗigo ɗaya kada ya taɓa fuskar fad. Ƙurar birki kuma kada a hure ta da baki, a share ta da jiƙaƙƙen tsumma, domin wasu fad ɗin akwai asbesto a cikinsu, mai jawo mugun ciwon huhu bayan shekaru. Yaran gareji su ne suka fi shaƙarta, kuma ƙannenmu ne.

Abin da aka yi wa dama tilas a yi wa hagu. Idan ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kamu, mota fizgewa za ta yi gefe a daidai lokacin da ake bukatar ta miƙe. Bayan an mai da taya an ɗaure notina ɗaya na kallon ɗaya, sai a taka birki sau da yawa tun mota tana tsaye, har ya yi tauri. Wanda ya manta da wannan, takawar farko ƙafarsa ƙasa za ta tafi, motar ba za ta tsaya ba. Sa'an nan a fita wurin da babu jama'a, a yi ɗan gudu a rage, a yi a rage, kamar sau 10, don sabon fad ya saba da sabon faifai kafin a ɗora musu lodi.

Saura man birki, wanda aka fi rainawa. Halinsa ne ya riƙa shan damshin iska. Irin wanda ake rubuta wa DOT 3, yana sabo sai zafi ya kai awo 205 a ma'aunin Salsiyas kafin ya tafasa, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a awo 140. Da ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai direba ya taka ya ji wayam. Saboda haka ne ake cewa a sake shi duk bayan shekara 2. Wanda ke zuba ruwa da garin sabulu a madadinsa don ya isa tasha, ya sani da rayukan mutane yake caca.

Yanzu mu zo kanmu. Mai a-kori-kura talaka ne, ribarsa kaɗan ce, kayan gyara sun yi tsada, na jabu kuma sun cika kasuwa a cikin kwali mai kyau. Muna da abin da za mu ce masa, amma muna da uzurin da za mu ba shi. Wane uzuri za mu ba ma'aikacin da aka kawo wa takardar gyaran motar ofis, an rubuta sabon fad da sabon faifai, ya sa hannu bai ko leƙa tagar ofishinsa ba? Wannan mota ita ce za ta kai allurar rigakafi ƙauyukan Tsafe, ita za ta kai takin zamani Bunguɗu, ita za ta ɗauko mai naƙuda da tsakar dare. Direba ya rubuta ƙorafi sau uku, fayil yana kwance a kan tebur. Ran da abin ya faru, direban za a kama, shi kuwa mai alƙalami ya je gaisuwar mutuwa da babbar riga.

Ilmin boko ya koya wa da yawanmu ƙyamar baƙin mai. Muna ganin durƙusawa gaban taya zubar da girma ne, muna kiran bakanike "kai" alhali ya haife mu, ga shi kuwa ya san abin da ba mu sani ba. Shi kuma bai iya karanta lambar da ke jikin faifai ba, mu mun iya. Da za a haɗa hannunsa da idonmu, da gyara ya inganta.

Wani zai ce ai akwai hukuma. Gaskiya ne, an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma akwai jami'an duba lafiyar motoci na jiha. Amma jami'in da ke tsaye a bakin hanya takarda yake gani da fitila da taya. Kaurin fad sai wanda ya tsuguna a gareji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma idan aka auna da yawan jama'a nahiyar Afirka ce ta fi kowace asara, alhali ita ce mai ƙarancin motoci.

Wani kuma zai ce ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara. Amma malamanmu sun karantar da mu labarin mutumin da aka umurta ya fara ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya dogara ga Allah. Birki shi ne dabaibayin raƙumin wannan zamani. Wanda ya san ya tsinke ya ɗauki mutane, sakaci ya yi, kuma za a tambaye shi.

Saboda haka muna roƙon abu uku, babu mai bukatar kasafin kuɗi a cikinsu. Na farko, duk wanda Allah ya ba ikon sa hannu a kan gyaran mota, ya sauka ya gani da idonsa, ya ce a kawo masa tsofaffin kayan da aka cire, dama da hagu, ya aje su a sito. Gani ya kori ji. Na biyu, idan direba ya ce birki na kuka, ko yana nutsewa, ko mota na ja gefe, a tsai da ita a ranar, ko da wane ne ke jiran ta. Na uku, idan mun koma gida hutu, mu zauna da 'yan'uwanmu masu motocin haya, cikin ladabi, mu yi musu lissafin nan na lodi da gudu, mu nuna musu cewa araha ba ta ado, kuma kuɗin faifai biyu bai kai kuɗin kwana uku a gadon asibiti ba.

Shugaban taro, mun ci lokacinku. Idan an tashi, akwai tsohon fad da tsohon faifai a kan teburin bakin ƙofa, wani bakanike ne ya ara mana. Muna so kowa ya ɗauka ya shafa da hannunsa kafin ya fita. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya kai matafiya gida lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.