Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Gaya Wa Na'ura Ta Lalace?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani makaniki a Maraɗi, wanda ke cewa: "Na ji an ce akwai injuna da jiragen sama masu sarrafa kansu. Shin idan wani abu ya lalace a jikinsu, wa ke gaya musu?"

To malam, ita dai na'ura ba ta san komai ba, sai abin da 'yan ma'aunan da aka liƙa mata suka shaida mata, watau na zafi, na gudu, na karkata da sauransu. Babban haɗarin shi ne ma'aunin da kansa ya yi ƙarya, kwamfuta kuma ta gaskata shi.

Abin da ya sami jirgin Boeing 737 MAX ke nan. An sa masa wani tsari mai suna MCAS, wanda ke sunkuyar da hancin jirgin idan ya ɗaga fiye da kima. Jirgin yana da ma'auni biyu na wannan aiki, amma a lokacin ɗaya kaɗai tsarin ke saurara. A watan Oktoba na 2018 ma'aunin ya ba da labarin ƙarya a wani jirgin Lion Air a Indonesiya. Matuƙa na ja sama, na'ura na dannawa ƙasa, har jirgin ya faɗa teku da mutane 189. A watan Maris na 2019 aka sake yin haka a Habasha, mutane 157 suka rasu.

Gyaran da aka yi shi ne, tilas tsarin ya gwada ma'aunan biyu. In sun saɓa wa juna da yawa, sai ya janye ya bar wa matuƙi.

Amma fa ka lura, shaidu biyu in sun saɓa, ka san akwai maƙaryaci, ba ka san wanne ba. Shi ya sa kumbon Amurka mai zuwa ya dawo, wanda ya yi aiki daga 1981 zuwa 2011, yake ɗauke da kwamfuta biyar. Huɗu suna lissafi iri ɗaya, in ɗaya ta kauce sauran su rinjaye ta, ta biyar kuwa tana jiran ko-ta-kwana.

Kai ma a gareji, in allurar zafi ta ce lafiya lau alhali injin na tururi, ai allurar za ka fara tuhuma. Da fatan ka gamsu. Sai mun ji daga gare ku.