Amsar Wasiƙunku: Tiya Biyu a Rumfa Ɗaya

 

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani ɗan'uwa mai awon hatsi a wajen Saminaka. Ya roƙa kada a faɗi sunansa, ba kuwa za mu faɗa ba. Ya ce shi mai bi ne, ba ya fashin sujada, amma tiya biyu gare shi. Da babbar yake sayen masara a hannun manoma da kaka. Ɗayar kuwa an bubbuge gindinta, da ita yake sayarwa, har buhu mai cin tiya 40 yakan ba shi 43. Ya ce kowa haka yake yi, in shi kaɗai ya daina ba zai iya biyan kuɗin makarantar yara ba. Tambayarsa ita ce, wannan zunubi ne ko dabarar kasuwa? In ma zunubi ne, baikon da yake bayarwa ran Lahadi ba zai wanke shi ba?

To ɗan'uwa, mun gode da ka faɗi gaskiya, mu ma ba za mu yi maka kwana-kwana ba. Zunubi ne. Ai kai ma ka sani, don mutumin da zuciyarsa ke kwance ba ya ɓata takarda da biro a kan wannan.

Bari in tambaye ka, tiya ukun nan da suka ƙaru, daga ina suka fito? Masara ba ta haihuwa a buhu. Daga tukunyar mutane suka fito. Mai kuɗi da buhu yake saye, tiyarka ba ta taɓa shi. Wadda take zuwa rumfarka da yamma da kuɗin tiya ɗaya ƙulle a bakin zane, ita ce take biya. Ta kai niƙa, ta tuƙa tuwo, ta ga bai kai bakin yara ba, sai ta zargi mai inji ko ta ce hannunta ne ba albarka. Watakila ma benci ɗaya take zama da matarka a majami'a. In ana wa'azin ƙaunar maƙwabci mukan ɗauka sai an yi wani gagarumin abu. Ga mai awo, ƙaunar tana nan a gindin tiya.

Wannan hali ba yau ya soma ba. Ka buɗe Maimaitawar Shari'a sura 25, za ka ga an hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Ka lura fa, ajiyewar ma an hana, tun ba a kai ga awon ba. Sa'an nan ka duba Amos sura 8. Amos makiyayi ne daga Tekowa, ya yi wa'azi wajen shekara 750 kafin haihuwar Almasihu. 'Yan kasuwar da ya tsawata wa ba masu ƙin sujada ba ne. Suna kiyaye Asabar sarai, sai dai sun ƙosa ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su ƙara kuɗi, su haɗa har da sharar alkama su sayar wa talaka. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san tauye mudu haramun ne. Saboda haka in mai bi ya yi, ba wanda zai ce bai gane ba, kuma sunan Yesu ne zai sha zagi a kasuwa.

Kada ka ji kamar na ce riba laifi ce. Ka saya da kaka, ka adana, ka sha ɗawainiyar buhu da magani da kuɗin mota, ka sayar da damina da ƙari, wannan guminka ne. Masu karɓar haraji da suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma, a Luka sura 3, bai sa su bar aikinsu ba, ƙarin da suke ɗorawa a kan ƙa'ida ya hana su. In ribar ba ta isa, ka ɗaga farashi a fili, mai saye ya ji da kunnensa, ya taya ko ya wuce gaba. Wannan ciniki ne. Ɗayan kuwa sata ce da murmushi.

Batun baiko, a'a ɗan'uwa. Allah ba ya karɓar toshiyar baki. A Matiyu sura 5 Yesu ya nuna cewa shiryawa da wanda ka cuta ita ce gaba da miƙa baiko. Ka tuna da Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, gajeren nan da ya hau itace don ya ga Yesu, a Luka sura 19. Da ya tuba bai tsaya ga hawaye ba, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma ya mayar masa ninki 4. Mu a yau mun fi son tuban da ba ya taɓa aljihu.

Ga shawarata. Tiyar nan kada ka ajiye ta a ƙarƙashin gado, don ranar da kasuwa ta yi tsanani hannunka zai koma gare ta. Kada kuma ka sayar wa wani mai awo. Ka fasa ta, ko ka mai da ita kwanon ruwan kaji. Da tiyar da ka saya, da ita za ka sayar. Masu sayen da ka sani, waɗanda suka daɗe suna zuwa, ka mayar musu gwargwadon ƙarfinka, ko da kaɗan-kaɗan ne, ka riƙa cika musu gyara. Ka kuma gaya wa dattijo ɗaya a ikilisiyarku wanda ya iya riƙe magana, don ya riƙa tambayarka.

Ba zan yi maka alkawarin da Ubangiji bai yi ba. Ribarka za ta ragu, wasu abokan rumfa za su ce kana tona musu asiri, har ma su yi maka ba'a. Wataƙila masu saye su gane su ƙaru, wataƙila kuma su daɗe ba su gane ba. Kuɗin makaranta kuwa damuwa ce ta gaske, ka zauna da uwargida ku yi lissafi tun yanzu, ku ga abin da za a rage, in da hali ku shiga adashi.

Manoma kuma, na san wasunku na ta gyaɗa kai kuna cewa an faɗa musu. To ku dakata. Mai zuba yashi da tsakuwa a gindin buhu, da mai shimfiɗa wake mai kyau a sama ya ɓoye mai ƙwari a ƙasa, layinsu ɗaya da mai tiya biyu. Sau da yawa da wannan mai awo yake kafa hujja, ya ce tun daga gona aka cuce shi.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu amsa wasiƙar wata 'yar'uwa daga wajen Biliri a kan rikicin iyakar gona tsakaninta da ƙanin mijinta. Sai ku tara. A huta lafiya.