Jawabin Ƙaddamar da Littafin Tarihin Ma'aikatan Jirgin Ruwa a Kasuwar Singa

 



Wani zai ce me ya haɗa Singa da teku, mu da ko Jakara sai damina take cika? Ciniki ne ya haɗa mu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗarmu ta Legas take bi zuwa Libaful, hajar Turai ta biyo hanyar ta dawo. Littafin nan labarin waɗanda suka yi dakon teku a daular Ingila ne.

Da yawansu Musulmi ne daga Indiyar wancan zamani, musamman Silhet, da Yaman da Somaliya. Can ƙasan jirgi ake tura su, shebur a hannu, suna ɗura kwal a bakin wuta, wai jikinsu ya fi jure zafi. Albashinsu kuwa bai kai rabin na Bature ba. Shi ma Baturen talaka ne, amma maimakon ya tuhumi mai jirgi, sai ya huce a kan abokin wahalarsa. A 1919 aka far wa baƙi a Kadif da Libaful, har aka yi asarar rayuka.

Addini ma bai tsira ba. Masaukin baƙin da aka buɗe musu a Landan a 1857, da ɗan mishan a cikinsa. Sai dai a yi adalci: Bature ne, Abdullahi Quilliam, ya buɗe masallaci a Libaful a 1889, shi ne kuma ya zo Legas a 1894 bikin buɗe masallacin Shitta-Bey.

Namu ma sun ɗanɗana. A 1959 'yan Najeriya da ke aiki a jirgin Apapa na kamfanin Elder Dempster suka ajiye aiki a Libaful saboda wariyar launin fata.

Alhazai, kafin mu la'anci Bature, kowa ya tambayi kansa nawa yake biyan yaron da ke sauke masa tirelar sukari da tsakar rana, ko kuma yana duban garinsu da addininsa kafin ya yanka masa lada.

Da sunan Allah na ƙaddamar da wannan littafi. A sa hannu a aljihu, a saya wa makarantun Fagge da Sabon Gari.